Kujerar ƙungiya ko ɗakin tiyata? Amsa ga wata likitar ido a Legas

Tambayar ta fito ne daga wata matashiyar likita, haifaffiyar Agege, da ke shekara ta biyu a horon ƙwarewa kan ido a wani asibitin koyarwa na Legas. Abokan aikinta sun matsa mata ta tsaya takarar sakatariyar ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta asibitinsu. Mahaifinta ya ce siyasa ce, ta fita harkarta. Ita kuwa ta lura duk manyan da take sha'awa a fannin sun taɓa riƙe wata kujera. Tana son sanin ko shugabancin ƙungiya yana cikin hanyar zama cikakken likitan ido, da lokacin da ya dace a shiga.

Ga amsar da wani babban likitan ido ya ba ta.

Wa alaikis salam, ƙanwata. Allah ya yi wa karatu albarka. Maganar Baba tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake ba duka zan bi ba.

Shawarata ita ce kada ki tsaya wannan takarar bana. Ba don ƙungiya ba ta da amfani ba, ni kaina na zauna a kwamitoci har na gaji, kuma ban yi nadama ba. Dalilin shi ne inda kike tsaye yanzu. Jarrabawar kashi na ɗaya tana gabanki, ko ta Kwalejin Ƙasa ta horon ƙwarewar likitoci da ke Ijanikin ce ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma da ke Yaba, kuma hannunki bai gama zama a aikin yanar ido ba. Ba raini ba ne, babu wanda hannunsa ke zama a shekara ta biyu. Kin san abin da nake nufi. Lokacin da kike yanka ramin nan da ake fito da yanar ta cikinsa a farin ido, in kika yi zurfi kaɗan kin faɗa cikin idon tun kafin lokaci, in kika yi sama-sama kuma rufin ya yage. Jakar da yanar ke zaune a ciki, bayanta bai kai kaurin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, kuma a kanta za ki ɗora gilashin robar da za ki dasa. Ranar da ta fashe miki a karon farko, gumi zai jiƙa miki hula duk da sanyin na'ura. Wannan ilimi ba ya shiga ta littafi. Sai kin tsaya a bayan babba kina kallo, sannan ya tsaya a bayanki yana gyara, mako bayan mako ba yankewa. In kika ɓace daga jerin masu tiyata na wata biyu saboda tarurruka, wani ne zai zauna a kujerar madubin tiyata, kuma ba wanda zai ajiye miki marasa lafiyar.

Aikin sakatare kuwa, mutane suna ganin sa hannu a ƙasan takarda ne kawai. Sakatare shi ke rubuta bayanan kowane taro, shi ke bin wasiƙa ofis-ofis, shi ke zaman jiran shugaban asibiti a kan albashin da aka riƙe ko alawus ɗin kwanan aiki, shi ake kira ƙarfe biyun dare in ɗan uwan majiyyaci ya mari likita a sashen gaggawa. Uwar ƙungiya ta ƙasa, wato NARD, tana kiran taronta a jihohi daban-daban, dole wani ya je. Ki haɗa wannan da cunkoson hanya daga Agege zuwa wurin aiki da komawa, ki gaya min da wane ƙarfin za ki buɗe littafi da dare. Taura biyu ba ta taunuwa. Horon nan kan ci shekara 5 zuwa 6 ko da komai ya tafi daidai, kuma na ga yaran kirki masu basira da suka ƙara shekara biyu a kai saboda sun karɓi kujera kafin su haye kashi na ɗaya.

Akwai kuma abin da tambayarki ta haɗa wuri ɗaya wanda ya kamata a raba. Manyan da kike sha'awa, ki bincika wace irin kujera suka riƙe. Hukumar MDCN ba ƙungiya ba ce, hukuma ce ta gwamnati da ke yi mana rajista, take sabunta lasisi duk shekara, take hukunta wanda ya saɓa ƙa'ida. Ƙungiyar da ake kiranki cikinta, da NARD, da Medical Guild ta likitocin gwamnatin jihar Legas, da MDCAN ta manyan likitoci, aikinsu ya fi karkata ga haƙƙin ma'aikaci: albashi, girma, yanayin aiki. NMA, ƙungiyar likitocin Najeriya baki ɗaya, ita ce rumfar da ta rufe kowa, tana taɓa wannan tana taɓa wancan. Sai kuma ƙungiyar likitocin ido ta Najeriya, OSN, da kwalejojin nan biyu, waɗanda damuwarsu ilimin ne kansa: me za a koyar, wa ya cancanci a kira shi ƙwararre, wace hanya ce ta fi dacewa a bi da cuta kaza. Yawancin sunayen da kike ji ana girmamawa a fanninmu, ta wannan ɓangare na ƙarshe suka yi suna.

Ban ce gwagwarmayar haƙƙi ƙaramin abu ba ce. Dokar horon ƙwarewa ta 2017, da asusun da ake biyan kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai daga cikinsa, ba kyauta aka miƙo su ba, wasu ne suka yi ta bugun ƙofa shekara da shekaru. Amma ki shiga da ido buɗe. A watan Mayun 2012 gwamnatin jihar Legas ta kori likitoci 788 a kan yajin aiki, sai daga baya aka mayar da su. A watan Agustan 2014 gwamnatin tarayya ta dakatar da horon ƙwarewa baki ɗaya, abin da ya shafi likitoci kusan 16,000, sai da aka janye yajin aikin sannan aka ɗage. A irin wannan rana sunan shugaba da na sakatare ne a saman kowace takarda.

Kuma yajin aiki yana da wani nauyi na daban a kan likitan ido, wanda ba kasafai ake faɗa a zauren taro ba. Mutane suna ɗauka ciwon ido yana iya jira tunda ba ya kisa. Birkilan da siminti ya faɗa masa a ido, ko bakaniken da ruwan batir ya fantsamar masa, mintuna yake da su a wanke idon da ruwa mai yawa. Gyambon baƙin ido yana iya huda ido cikin kwanaki. Wanda hawan jinin ido ya taso masa farat ɗaya, yana amai yana riƙe kai, in aka ce ya dawo bayan an janye yajin aiki, ai ganin ya riga ya tafi. Shugaba nagari shi ne wanda tun kafin a ba da wa'adi ya zauna da manyan likitocin kowane sashe aka tsara wa zai tari irin waɗannan. Yin haka yana buƙatar mutumin da in ya yi magana a taro za a saurara, kuma gaskiya ita ce a cikin likitoci ana sauraron wanda aka san aikinsa. Mai shekara biyu da bai haye jarrabawa ba, in ya ce a bar ƙofar gaggawa a buɗe, sai a ce tsoron shugaban sashensa yake ji.

Bari in nuna miki inda ƙarfin yake ɓoye, don matasa ba su cika ganinsa ba. Duk bayan wasu shekaru kwaleji takan turo tawaga ta duba ko asibiti ya cancanci ci gaba da horar da likitoci. Na zauna a ɓangaren masu karɓar baƙi, na kuma zauna a ɓangaren masu zuwa. Tawagar ba ta tsayawa a ofishin shugaba ta sha shayi ta tafi. Za su shiga ɗakin duba marasa lafiya su ƙirga fitilun duba ido, su kunna kowace su ga tana aiki ko ado ce. Za su leƙa madubin tiyata su ga ko yana da wurin da ɗalibi zai sa nasa idon. Za su buɗe rajistar ɗakin tiyata su gwada da littafin da kowane ɗalibi ke rubuta ayyukansa, don su gane ko shi ya yi aikin ko riƙe ƙarfe kawai ya yi. Sannan su kori manya daga ɗaki su zauna da ɗalibai su kaɗai. Na san wani asibiti da sashen ido ya yi shekaru yana rubuta takardar neman na'urar gwada faɗin gani ba a kula ba. Da tawaga ta rubuta cewa za a rage yawan ɗaliban da aka amince musu in ba a saya ba, kafin zagayowar shekara na'urar ta iso. Babu wanda ya yi yajin aiki ko na yini ɗaya. Masu zama a irin wannan tawaga, da masu tsara manhaja, da masu yi muku jarrabawa, duk sai sun gama kashi na biyu, sun zama cikakkun mambobin kwalejin, sun yi shekaru suna koyarwa da rubutu. Ƙofar ke nan, kuma makullinta jarrabawar da ke gabanki.

To me za ki yi kafin nan? Ki shiga OSN tun yanzu, ana karɓar masu neman ƙwarewa. Ki je taron shekara ko da sau ɗaya kafin ki gama, kuma kada ki je hannu rabbana. Ki tafi da ɗan bincike, ko da bayanin marasa lafiya ashirin ne da kika bi sawunsu da kyau. Minti bakwai ko goma za a ba ki a gaban mutanen da wataƙila su za su zauna miki a jarrabawa, su kuma rubuta miki takardar shaida in za ki tafi ƙarin horo a asibitin ido na Aravind ko na LV Prasad a Indiya. In aikin ya yi kyau ki tura wa mujallar ƙungiyar. In ana shirin Ranar Gani ta Duniya, wadda ke faɗowa Alhamis ta biyu a watan Oktoba, ko makon hawan jinin ido a watan Maris, ki ɗaga hannu a ba ki aiki. Irin wannan aiki yana da farko yana da ƙarshe, ba ya cinye shekara.

A nan ne kuma kike da abin da yawancin abokan aikinki ba su da shi, kuma ina mamakin ba ki ambace shi ba. Kina jin Hausa, kin tashi cikin Hausawan Legas. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, mutum sama da miliyan ɗaya. Yanar ido ce ta ɗauki kashi 43 na makantar, hawan jinin ido ya bi baya da kusan kashi 17, kuma kashi 84 na duka abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Arewa maso gabas ce ta fi yawan makafi, kudu maso yamma ta fi ƙaranci. Amma mutanenmu da ke Mile 12 da Alaba Rago da Obalende da Idi-Araba, zama a Legas bai sauya musu yadda suke neman magani ba. Wanda ke Idi-Araba yana iya hango katangar LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, daga ƙofar shagonsa, cibiyar ido ta Guinness tana ciki, amma in gani ya fara dushewa sai ya tara kuɗin mota ya tafi Kano asibitin ido na ECWA, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, don can ne zai yi bayani a gane shi. Wannan ma mai sa'a ne. Wani ƙauye zai koma a kira masa mai ture yana da allura. Binciken nan ya nuna sama da kashi 40 na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanyar aka taɓa su, kuma galibinsu ba su ƙara gani da kyau ba.

Ki ɗauki hawan jinin ido kawai. Dattijo zai zo, an auna, an rubuta masa maganin ɗigawa, an yi masa bayani da Turanci ko Yarbanci ta bakin ɗan rakiya. Bayan wata uku ya dawo, ki tambaye shi magani, ya zaro kwalbar daga aljihun 'yar shara, babu komai ciki tun tuni. "Ai ya ƙare, likita, kuma ban ga ya ƙara min gani ba." Babu wanda ya zaunar da shi ya ce: Baba, wannan magani ba ya dawo da abin da ya tafi, tsare wanda ya rage yake yi, kuma ba a daina shi, in ya ƙare a sayo wani, sannan ka turo min 'ya'yanka da ƙannenka a auna su, don ciwon yana bin jini. Minti biyar ne wannan bayani, amma sai da harshen da mutum ke mafarki da shi yake shiga. Haka batun maganin ɗigawa mai sitiroyid da ake saya a kemis saboda ƙaiƙayi, a yi ta ɗigawa wata da watanni har ya tayar da hawan jinin ido ga yaro ɗan shekara goma sha biyar. Haka nonon uwa da ruwan albasa da fitsari da ake zubawa a ido mai ciwo.

Da ni ne ke, a nan zan kafa kundin binciken kashi na biyu, a nan kuma zan fara koyon shugabanci. Ki nemi izinin shugaban sashenku, ki je wurin Sarkin Hausawan unguwar da limamin Juma'a, ki haɗa kai da reshen IMAN, ƙungiyar Musulmi ma'aikatan lafiya, ko ƙungiyar mata likitoci, a shirya yinin duba ido. Akwai gidan nakasassu na Okobaba a Ebute Metta, inda makafi 'yan Arewa suke da yawa, kuma duk inda makafi suka taru haka ba a rasa waɗanda yana ce kawai ke damunsu, aikin rabin sa'a. Sai dai ki yi hattara da irin gangamin da ake yi don hoto. A tara mutum ɗari biyar, a raba tabarau, a rubuta wa saba'in takardar zuwa asibiti, a tafi. In ba ki shirya wanda zai tare su a asibiti ba, da inda kuɗin aikin zai fito, da wanda zai kira su a waya bayan mako shida, kin tayar musu da rai ne a banza, kuma ba za su sake fitowa ba in wani ya zo. Ƙwararrun gwada gani masu rubuta tabarau da ma'aikatan jinyar ido, ki ja su a jiki tun farko. Jayayyar da ke tsakanin ƙungiyoyinmu da nasu tsohuwa ce, amma a fili ba ki da hannun da zai auna mutum ɗari biyu ke kaɗai. Wanda ya iya haɗa waɗannan mutane, ya riƙe lissafin kuɗi, ya rubuta rahoto, ya riga ya koyi rabin aikin shugaban ƙungiya.

In kina neman abin koyi, ki karanta tarihin aikin Farfesa Adenike Abiose a Kaduna kan cutar makantar kogi da maganin ivermectin. Kujerun da ta hau a gida da waje, aikin fili ne ya kai ta.

Tunda na ambaci kuɗi, ga gargaɗi don ranar da za ki hau kujera, don na tabbata za ki hau. Abin da ya fi zubar da mutuncin shugabannin ƙungiya ba yajin aiki ba ne, asusu ne. Kuɗin da ake cira daga albashin 'yan uwa amana ce. Kada ki sa hannu a takardar banki da ba a cike ba, komai kusancinki da ma'aji, kuma ki nace a karanta rahoton masu binciken kuɗi a gaban taro. Kamfanonin magani da na gilashin dasawa su ke ɗaukar nauyin babban ɓangare na tarurrukanmu, ba laifi ba ne, amma a bayyana, kuma kada wanda ya biya kuɗin otal ya zama shi ke zaɓar wanda zai yi lacca da abin da zai faɗa. Sannan ki lura da masu cewa "muna son mace" ko "muna son 'yar Arewa a jerinmu". Wani lokaci da zuciya ɗaya ake faɗa, wani lokaci kuma ƙuri'un wani ɓangare ake nema, bayan zaɓe a bar ki da rubuta wasiƙu ana yanke shawara a wani wuri. Ki tambayi masu tura ki me suke so a gyara a cikin shekarar, ki ji ko suna da amsa.

Batun gida ma ba zan tsallake ba. Tarurrukan ƙungiya da yamma ake yi, wasu har dare, wasu a wata jiha. In akwai maigida, ko ana shirin samu, a yi maganar tun wuri a fili. Na ga mata da suka riƙe manyan kujeru a fanninmu suka kuma riƙe gidajensu, kusan dukansu sun jira sai da suka gama horo, lokacin da jadawalin aiki ya dawo hannunsu. Yanzu da abokan aiki ke ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya, kwanan aikin da mutum shida ke rabawa ya koma kan uku, lissafin ya ƙara tsauri.

Abokan naki kuwa, kada ki ce musu a'a ki juya baya. Ki ce bana jarrabawa ce a gabanki, amma za ki karɓi wakilcin sashen ido ko zama a kwamitin ilimi, inda za ki ga yadda ake tafiyar da taro ba tare da wayarki ta zama ta kowa ba. Kujerun nan shekara ɗaya ake yi a kansu, zaɓe zai sake zagayowa. In kin haye kashi na ɗaya kika zama babbar ɗaliba, kundinki ya samu amincewar kwaleji, har yanzu kuma kina jin sha'awar, to ki tsaya, ki ma nemi mataimakiyar shugaba in kin ga dama. Kafin nan ki tambayi shugaban sashenku ranar rufe karɓar taƙaitattun bincike na taron OSN mai zuwa, ki fara tattara bayanan masu hawan jinin ido da suka daina zuwa asibiti, da lambobin wayarsu.